Kwana Shida a Ɗakin Inna Safina

"Ajiye kwalbar nan, Tasi'u," na ce, na tare bakin ƙofa.

"Matsa, Zulfa. Uwata ce ko taki?"

Fiya-fiya ce a hannunsa, maganin ƙwari. A ciki, mahaifiyarsa Inna Safina, mai daddawar layinmu a Limawa, wata biyu ke nan tana kwance, ga damina, ƙudaje sun yi baƙi a kan gyambon ƙafarta. Duk ranar da aka fesa maganin, ƙirjinta toshewa yake har ta kasa salati.

Ban matsa ba. Shekara huɗu na yi a jami'a ina karatun ƙananan halittu, shekara guda kuma unguwa tana mini dariya don ina renon fumfuna a kan dafaffiyar shinkafa. Fumfunar nan manne wa ƙuda take, ta tsira a cikinsa, ta kashe shi. Ba ruwanta da mutum.

"Kwana nawa abin naki ke ɗauka?" Muryar Inna ce daga ciki.

"Biyar zuwa bakwai, Inna."

"Bakwai!" in ji Tasi'u. "Ruɓaɓɓiyar shinkafa za ki rataya wa mara lafiya?"

"Kai, da ruɓaɓɓiyar kalwa na ciyar da kai har ka yi gemu," ta ce. "Ita ma sai an rufe ta kwana uku, ba leƙe. Rataya abinki, 'yar boko."

Na jiƙa tsummoki da ruwan sukari, na barbaɗa musu garin fumfunar, na rataye a azara. Ƙudajen kamar ƙaruwa ma suka yi. Tasi'u ya daina amsa gaisuwata. Inna kuwa ko korar su ba ta yi. Kullum na zo wanke gyambon sai ta ɗaga mini yatsu. Uku. Huɗu. Ko kunu ya daina wuce mata, amma ba ta taɓa ɓata ƙirgen ba.

Rana ta shida da hantsi ta ce, "Kin ji?"

"Me, Inna?"

"Shiru."

Na kasa kunne. Ba komai, sai kukan akuya can a maƙwabta. Ta sa na tsinto mata mataccen ƙuda guda daga ƙasa, ta daɗe tana juya shi a tafin hannunta.

"Ikon Allah," ta ce. "Fumfunarki ta nuna."

Kafin la'asar Inna ta cika.

Bayan an kai ta, na shiga naɗe tabarma. Na tarar da Tasi'u tsaye, jar ƙasar maƙabarta a ƙafafunsa, ya ƙura wa labule ido. Ƙudaje ne jere a jikin labulen, ba mai motsi, kowanne a lulluɓe da fumfuna, fari fat.