Sunanta Barlow

"Ɗora jakarki a nan," in ji ɗan sandan, yana nuna teburin da suka kafa a bakin tashar jirgin ƙasa.

Suweiba ta ɗora. Shekara tara tana shiga jirgi a wannan tasha ta Soundview, ba a taɓa tsayar da ita ba sai yau da safe. Ya zuge jakar, ya fito da safar hannu, da kwanon shinkafa da wake, da sallaya. Sai ga 'yar wuƙar a tafin hannunsa.

Ta ƙura wa wuƙar ido.

Mista Dolan ne ya ba ta, tsohon da take jinyarsa a gidansa. Yana da akwati cike da wuƙaƙe masu naɗewa, kuma tun da hannunsa ya soma rawa ita ke goge masa su da mai. Ba ya yarda a ce wuƙa kawai. Mai baki uku stockman ce, mai dogayen baki biyu trapper. Wannan mai ƙotar ƙashi da dogon ƙarfe a wuya kuwa barlow. Da ita take yanka masa tuffa, jiya ta mance ta jefa ta a jaka.

"Kin san an hana yawo da gravity knife?" Yaro ne ɗan sandan, bai fi ɗanta na fari da ke Kumasi ba.

Ta san sunan. Duk wuƙar da za ta buɗe in an yarfa hannu, kuma ta kulle, laifi ce a garin nan. Da wannan sunan aka kama Moro maƙwabcinsu bara, yana dawowa daga shagon da yake farke kwalaye. Aikinsa ya tafi. Ita ko saura mako uku ta je ganawar zama 'yar ƙasa, kuma kamfanin jinya ba ya riƙe wanda aka taɓa kamawa.

"Ba ita ba ce, ofisa," ta ce. "Barlow ce. Ba ta kullewa. Da farce ake buɗe ta."

Ya riƙe ƙotar, ya yarfa hannu. Ba ta buɗe ba. Ya sake da ƙarfi. Suweiba ta tuna yawan man da ta ɗiga mata a gaɓa ranar Juma'a, har tsohon yana cewa ya isa. Ta shiga karanto Hasbunallahu a zuci, tana ɓata tana sakewa. Mutane na wucewa, kowa ya kau da kai.

Na uku. Na huɗu. A na biyar har kafaɗarsa ta yi ƙara.

Abokin aikinsa, wani mai furfura a gashin baki, ya ce, "Ƙyale ta haka."

Yaron ya sa farce ya ɓalle bakin, ya danna bayansa don ya ga ko ya kulle. Wuƙar ta rufe ƙaf a kan babban yatsansa. Jini ya ɗiga a teburin, dab da sallayarta.

Shi ke nan, in ji zuciyarta. Wuƙarta, jinin ɗan sanda. Wa zai tsaya jin bayani?

Amma hannunta ya riga tunaninta. Ta zaro auduga da filasta daga aljihun rigar aiki.

"Ɗaga sama. Danne nan."

Ya ɗaga, ya danne, kunnuwansa sun yi ja. Sau biyu filastar na kuɓuce mata kafin ta naɗe yatsan.

Mai furfurar ya ɗauki wuƙar, ya goge ta, ya jujjuya. Sannan ya ciro ɗan littafi da biro daga aljihu.

"Faɗa mini sunan, harafi harafi."

Ta hango Yaya Mariama tana amsa waya daga ofishin 'yan sanda, ta hango tsohon zaune a gado yana jiran mai ba shi magani.

"S," ta ce. "U. W..."

Ya ɗago kai. "A'a, madam. Na wuƙar. Babana zai cika tamanin wata mai zuwa, na rasa abin da zan saya masa."

Ta faɗa masa. Ya rubuta, ya naɗe wuƙar a takarda, ya tura ta can ƙasan jakar.

"A gida ake barin irinta," ya ce.

Ta hau matakala tana riƙe da ƙarfen gefe, ta zauna a benci. Wayarta ta yi ƙara.

"Suweiba, kin kai aiki?" Muryar Yaya Mariama ce.

"Ina tasha, Yaya."

"Har yanzu? Ba train?"

Jirgin na tsaye a gabanta, ƙofofinsa a buɗe. Ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta zauna.

"Akwai," ta ce. "Na baya zan hau."