Sunan Mijin Inna Baraka

Ranar ƙarshe ta rajistar masu zaɓe a Maradun ta same ni. Ni Raliya, malamar firamare ce a Talata Mafara, ƙungiyarmu ta mata ta ce mu je mu taimaka don Allah, na ce to. Aikina in tambayi mata sunansu in rubuta, in miƙa wa Kamilu, ma'aikacin da ke kan na'ura, ya ɗauki hoto da yatsu. Ga rana, ga motocin 'yan siyasa suna ta zirga-zirga da lasifika kamar za su fasa mana kunne. Kafin la'asar, wallahi ko gaisuwa aka ja mini sai raina ya ɓaci.

Sai ga wata tsohuwa Bafulatana, siririya, ta tsuguna gabana. Ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ta tambayi yara, har da ruwan bana.

"Lafiya lau, Inna. Sunanki?"

"Baraka."

"Baraka wa? Na mahaifinki ko na mijinki, wanda kika ga dama."

"Nashi nika so."

"To faɗi."

Ta ja mayafi ta rufe baki. Matan da ke layi suka tuntsire da dariya. Na san zancen, kakata ma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan kakana ba. Amma yau ne ranar kunya?

"Haba Inna! Sa na mahaifinki mu wuce, kin ga mutane."

"A'a, ɗiyata." Ta yi ƙasa da murya. Ta ce daga wajen Gidan Goga ta gudo. Daminar bara 'yan bindiga suka ɗauke mijinta a gona, har yau ko takalminsa ba a gani ba. "Ba kabari, ba ɗa. In ni ma na tahi, wa zai san an yi shi? An ce mani katin ga ba ya ruɓewa."

Na ajiye alƙalami. Kamilu ya leƙo ya ce, "Malama, caji ya kusa ƙarewa. In na'urar nan ta ɗauke, sai kuma wani zaɓen."

Na miƙe na yi cigiya ko akwai ɗan garinsu a layi. Babu ko ɗaya. Sai matan suka shiga canka mata, ita dai ta gyaɗa kai kawai in an dace. Shehu? Tukur? Nasidi? Jatau? Wata har da Lukman, aka ce mata ke tafi can, tsoho ne fa. Inna Baraka tana ta girgiza kai, ni kuma idona na kan na'ura.

Na durƙusa kusa da ita. "Raɗa mini a kunne, Inna. Ba mai ji sai ni."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Raɗa? Sato shi na yi?"

Ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zane, ta juya ta fuskanci hanyar garinsu, ta ɗaga murya kamar mai kiran wanda ya yi nisa a gona.

"Mas'udu!"

Subhanallahi. Masu dariyar ɗazu kowa ta sunkuyar da kai. Na sha jin an kira suna, amma ban taɓa jin wanda aka ajiye tun daga ƙuruciya har furfura, sannan aka fito da shi sabo fil ba. Na ɗauki alƙalami na rubuta.

Ta taɓa leɓenta da yatsu, ta ce da kanta, "Ashe haka yake da daɗi ga baki."

Kamilu ya zaunar da ita, ya ɗauki yatsunta. Wajen hoto ya yi ta roƙo, "Inna, tsaida bakinki kaɗan," don leɓenta bai daina motsi ba. Da ya gama ya dubi na'ura ya karanto, don a tabbatar ba kuskure.

"Baraka Mas'udu?"

Ta gyara zama.

"Na'am," ta ce. "Ƙara faɗi, ɗana."