Mai Tuta da Maganin Ido

Mai Tuta ya tsufa a bakin layin dogo, inda titi ke ratsa hanyar jirgi, yana ba direbobi hannu da tutarsa. Duk Turancinsa kalma biyu ce, “go ahead”, kuma ba ya yarda a fassara ta da “wuce” kawai. Ya ce ma'anarta: na duba, ba komai a gabanka, in wani abu ya same ka alhakin a wuyana. Shi ya sa bai taɓa faɗa wa direba ita ba sai ya taka da ƙafarsa ya leƙa kwana.

Yanzu ya bar aiki, matarsa ta rasu, idonsa na neman rufewa. Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ke ɗiga masa magani safe da yamma. Sai ga shi an ba ta aiki a wani gari mai nisa.

“Baba, amsarka suke jira,” in ji ta. “In ka ce kada in je, na haƙura.”

“Ban duba hanya ba tukuna.”

“Wace hanya kuma? Mota fa zan hau.”

“Ke dai kina da baki kamar uwarki.”

Ya jima a tsakar gida yana kallon tururuwa na kewaye wani dutse. Ya riga ya san abin da ke kwance a kan layin yarinyar nan. Shi da kansa ne.

Da hantsi ya ɗauki kwalbar maganin ya shige ɗaki. Ya ɗaga kai ya matsa. Maganin ya sauka a gira. Ya sake, ya bi kumatu har cikin gemu. Auta na tsaye a ƙofa.

“Kawo, Baba, gemun ya warke haka.”

“Kada ki matso.”

Ya kwanta rigingine a tabarma, ya rufe ido, ya lalubo gefen hanci da bakin kwalbar, ya ɗiga. Sannan ya buɗe idon a hankali. Sanyin ya shiga, rufin ɗaki ya narke kamar ana kallonsa daga ƙarƙashin ruwa. Ya yi wa ɗaya idon haka.

Bai tashi ba. “Je ki haɗa kayanki,” ya ce. “Ki bar mini kwalbar a inda hannuna zai kai.”

Auta ta durƙusa ta goge masa gemu da bakin mayafinta.