Kwano a Kan Alayyafo

Baba Gideon ya ɗora fallen kwano na ƙarshe a kan turaku, ya danne shi da dutse, ya ja da baya yana kallon aikinsa. Duk lambunsa da ke bakin rafin Kamazou ya shige ƙarƙashin tsohon kwano, daga alayyafo har ganyen ugu.

A tashar Sabo ya tsinto labarin, wai gwamnati na leƙen ƙasa da tauraron ɗan'adam, filin da aka ga babu gini za a ƙwace. Shi kuwa filin nan ne kaɗai abin da shekarunsa na masaƙar Kakuri suka bar masa.

Matarsa Naomi ta riƙe ƙugu. "Baban Peace, ganye zai rayu babu rana?"

"In kunne ya ji, jiki ya tsira. Daga sama rufi kawai za su gani. Na ci dubu sai ceto, balle wani ƙarfe mai yawo a sama."

Ba a rufa wata ba sai ga farar mota. Wani saurayi ya fito da gwangwanin jan fenti, ya ce sunansa Nelson, daga ofishin tsara gari.

"Baba, ina ginin da ke nan? Rushe shi za a yi, filin ya koma hannun hukuma."

"Rushewa? Ba marasa gini kuke nema ba?"

"Wa ya gaya maka? Masu gini a hanyar ruwa muke nema, saboda ambaliya. Mai lambu ba ruwanmu da shi. Hoton bara nan kore ne shar, na watan nan ya nuna rufi."

Nelson ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin kwanon. Ba bango, ba ƙofa, sai alayyafo da ya yi fari fat ya kwanta. Ya danne dariya, don yaron yana da tarbiyya.

Naomi ba ta danne tata ba. "Oga, tambaye shi ina ɗakin kwana."

Garin neman gira an rasa ido. Amma Gideon ba mai sunkuyar da kai ba ne. Ya gyara hula. "To, yaro, in na shafa wa kwanon koren fenti fa?"

"Haba Baba. Na'urar ba da ido irin namu take gani ba. Hasken da ɗanyen ganye ke mayarwa daban ne, fenti ba ya ruɗar ta. Ni zan rubuta abin da na gani, amma manya sai sun ga kore a hoto na gaba."

Gideon ya ɗaga kai ya daɗe yana duban sama. Babu komai sai shirwa.

Ya ture dutsen, ya sauke fallen farko. "Naomi, tafi wurin Charity mai sayar da iri ki samo mini irin alayyafo. Mai saurin fitowa."