Kofi na Uku

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Na tsinci kaina ɗan yawon buɗe ido, da malafa da kyamara a wuya, a ƙofar wani tsohon birni na jan laka a tsakiyar hamada. Ban taɓa taka shi ba, amma na san garin marigayi babana ne, wanda kullum yake cewa zai kai ni. Na kuma san abin da ya kawo ni. Ranar da na rabu da Baba, shekara ashirin ke nan, ya dafa mini shayi irin nasu mai zagaye uku, wanda baƙo ba ya tashi sai ya sha na ƙarshe. Na sha biyu, mota ta yi hon, na ce, "Baba, na uku sai na dawo." Da na dawo an riga an binne shi.

Wani raƙumi ne ke duba takardu a ƙofar gari. Ya karɓi fasfona, ya tauna shi a tsanake, ya ce komai daidai.

"Sai ka tuɓe inuwarka," in ji shi. "Ba a shiga da ita."

Na tuɓe, na ajiye ta kusa da ta wasu Turawa.

Mai yi mini jagora sunansa Agali, dogo, ya naɗe fuska da shuɗin rawani. Kafin mu gama gaisawa rana ta faɗi ta sake fitowa.

"Ina raƙuma?" ya ce.

"Ai ba ni da raƙuma."

"Madalla. Ina gajiyarsu?"

Ya kai ni hasumiyar laka mai itatuwa a jiki, ta ɗan rusuna don ta shiga hoto. A kasuwar gishiri ruwan sama na tashi daga rijiyoyi, mata na tarbarsa da kifaffun ƙore. Duk hoton da na ɗauka, idan na duba, babana nake gani yana saurayi, sanye da rigar nan mai ruwan toka da muka bayar sadaka.

Sai ga ni a wani zaure. Baba na zaune a tabarma yana fifita gawayi da guntun kwali, kamar yadda ya saba.

"Sidi, ka dawo ke nan?"

"Na dawo, Baba."

"Ka yi ƙiba," ya ce, ya miƙo mini kofin shayi na farko.

Ɗacinsa ya kai mini har kunne. Na biyu ya zo da ɗan sauƙi. Ina ajiye kofin, Agali ya leƙo.

"Motar baƙi za ta tashi. Raƙumi ya ce in ba ka zo yanzu ba, zai ba wani inuwarka."

Wallahi sai da ƙafata ta motsa, tsohon halin nan nawa na gaggawa. Na danne ta da hannu biyu.

"Ya bayar," na ce. "Ni ina nan."

Na ga gemun Baba na rawa, alamar yana danne dariya. Ya ƙara sukari, ya ɗaga buta sama ya tsiyaya. Shayin ya sauko rabin hanya, ya fasa, ya koma cikin buta.

"Haka yake yi," in ji Baba. "Ya daɗe yana jira, ya yi fushi."

Ya lallashe shi, ya sake zubawa, kumfa ta hau har baki. Kewar Baba ta cika mini ƙirji, ga shi kuwa a gabana. Ya miƙo, na karɓa, zafin gilashin ya ratsa yatsuna, ƙamshin na'ana'a ya bugi hancina. Na kai bakina.

Nan injin markaɗen maƙwabciyarmu ya tashi da ƙararsa ta kowace safiya. Na buɗe ido, hannuna na sama, yatsu uku a tanƙware, ba komai a ciki.