Ingiricin Mossie da Injin Packie

Ranar Laraba da rana tsaka injin ɗaure ingirici na Mossie Gilhooly ya fara saukar da dami a kwance. Aikinsa shi ne ya bi bayan tarakta yana haɗiye busasshiyar ciyawa, ya danne ta, ya ɗaure da igiya biyu, ya tofar da ita ta baya kamar tubali. Yau igiya ɗaya ce ke kamawa, ɗayar tana reto, dami na taɓa ƙasa sai ya baje.

Mossie ya kashe tarakta, ya sauko a hankali saboda gwiwa, ya ɗaga murfin injin. Ɗan ƙarfen da ke ƙulla igiya, mai kama da bakin tsuntsu, wanda bai kai tsawon yatsa ba, ya rabe biyu. Ya daɗe yana jujjuya shi a tafin hannu. Sannan ya dubi gonar. Rabi ya ɗauru, rabi na kwance jere-jere a gangaren tudu, ya bushe ƙayau yana ƙamshi. Rediyo ya ce ruwa zai sauko ranar Juma'a, kuma a wannan yanki na Leitrim in ruwa ya fara babu mai sanin ranar ɗaukewarsa. In ciyawar nan ta jiƙe, baƙi za ta yi ta ruɓe, shanunsa ba su da abincin hunturu, sai dai ya kai su kasuwa. Manyan injunan zamani kuwa ƙofar gonarsa ta yi musu kaɗan, damin da suke yi ma ya fi ƙarfin tsoho ɗaya.

Ya sa gutsuren a aljihu ya nufi gari, wurin Cathal Devenney mai sayar da tsofaffin ƙarafan gona. Suka zazzage bokitai, suka tone akwatuna masu tsatsa, suka leƙa cikin matattun injuna da ciyawa ta tsiro a kansu. Na wani injin ya yi girma, na wani ya juya ta hagu. Cathal ya ce an daina ƙera irin wannan tun kafin ya yi aure. Zai iya sa a nemo daga Ingila, amma sai wata mai kamawa.

"Kai ma da neman wahala, Mossie," in ji shi yana goge hannu a wando. "Ga irinsa sak a rumfar abokinka Packie Rourke, kaji na ƙwai a kai."

"Packie ya mutu ne ban ji ba?"

Cathal ya sunkuyar da kai ya shiga mayar da kusoshi cikin bokiti.

A wannan kwarin ba a kwance injin mutumin da ke raye. In manomi ya rasu, bayan addu'ar cikar wata, matarsa kan buɗe rumfa maƙwabta su cire abin da suke bukata. Kujerar taraktar Mossie ta marigayi Dinny ce, fitilar hagu ta Hughie ce, har murfin tankin mai yana da mai shi a maƙabartar coci. Aron inji ɗungurungum ba laifi ba ne, amma injin Packie tayarsa ta karye tun bara, yana shirin gyara ta ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Cire wani abu daga jikin inji kuwa, kowa ya san abin da ake nufi: mai shi ya gama.

Packie bai yarda ya gama ba. Yana zaune a keken marasa lafiya bakin taga, hannun dama a kwance kan cinya kamar ba nasa ba, yana hango gonar Mossie a tsallaken kwari. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji labarin baɗi. Kowace Lahadi bayan coci sai ya sa matarsa Nuala ta je rumfa ta shafa wa injin mai, ta gyara masa tamfal, ta dawo ta ba shi rahoto.

Ranar Alhamis da hantsi Mossie ya haura can, gutsuren na aljihunsa. A hanya ya shirya maganar ya sake shiryawa. Zai ce aro ne kawai, zai mayar da hannunsa. Nuala ta kawo shayi mai kauri da burodin da ta gasa, man shanu na narkewa a kai. Packie ya kalle shi da idon da ya fi buɗuwa.

"Jiya na ji ka tashi aiki rana tsaka," ya ce, harshensa na ja. "Tsufa ne ko lalacin da ka saba?"

"Igiya ce ta ƙare."

"Igiya," in ji Packie. "To. Ka ji daɗinka bana, tsohon banza. Baɗi ni zan riga ka yanka."

"Kai da ko sau ɗaya ba ka taɓa riga ni ba?"

Suka yi dariya, ta Packie ta fito ta gefe ɗaya na baki. Suka taɓa farashin maruƙa, suka taɓa sabon limamin coci da doguwar huɗubarsa, suka tuna shekarar da suka sayo injunan nan biyu rana ɗaya, suka jawo su gida a jere kamar masu rakiyar amarya. Hannun Mossie ya shiga aljihu ya fito ba komai. Da shayi ya ƙare ya ɗauki hularsa.

Nuala ta raka shi tsakar gida. Daidai ƙofar rumfa ta rage murya, ta ce matar Cathal ta gaya mata komai, ya shiga ya cire abinsa, Packie ba zai taɓa sani ba. Mossie ya dubi tamfal ɗin da aka ɗaure tsaf, ya tambaye ta me za ta ce wa Packie ranar Lahadi in ta dawo daga shafa mai. Ya yi mata godiyar shayi ya tafi.

Yinin nan ya ɗauko cokali mai yatsu na ciyawa, wanda rabonsa da shi tun mahaifinsa na raye, ya shiga tara ingirici tsibi-tsibi da hannu, ko ruwa ya bar masa na ciki. Kafin la'asar bayansa ya ƙi miƙewa. Abin da ya tara bai kai na saniya biyu ba.

Juma'a gari ya waye da hadari a yamma, baƙi ƙirin a bayan duwatsu. Yana tsaye bakin gona yana kallonsa sai ga ƙaramar motar Nuala. Ba ta kashe ta ba. Ta miƙo masa wani abu a naɗe cikin tawul ɗin goge kwanuka. Ya buɗe. Bakin ƙarfe ne, yana sheƙin mai, amma ba ɗaya ba, biyu.

Ta ce jiya Packie ya yini yana kallon Mossie ta taga yana fama da cokali mai yatsu. Can ya ce ta tura shi rumfa. Ya hana ta taɓa sifana, shi ya riƙe da hannun hagu, tana faɗuwa tana ɗauko masa, har ya kwance su da kansa.

"Ɗaya nake bukata," in ji Mossie.

"Ya ce ka riƙe biyun. Ɗayan naka ma zai karye wata rana."

"Ina gamawa zan kawo in mayar masa."

"Ya ce in ka faɗi haka, in ce kada ka raina masa hankali." Ta kawar da kai tana gyara madubin mota. "Tamfal ɗin ma ya ce in ba ka, ka rufe itacen wuta."

Ƙarfen ya zauna daram kamar a nan aka haife shi. Tarakta ta yi tari ta tashi, injin ya kama bugunsa, dami ya fara faɗowa a ɗaure gam, igiya biyu, ƙulli biyu. Iska ta soma kaɗa ganyen shinge. Mossie bai tsaya cin abinci ba.

Tun suna samari shi da Packie, duk wanda ya kai ƙarshen layi a saman tudu yakan ɗaga wa ɗan'uwansa hannu a tsallaken kwari. Da ya kai saman tudu ya ɗaga. Tagar na nan, labule a buɗe, babu kowa. Kafin ta tafi Nuala ta ce Packie ya roƙa a mayar da shi ɗakin baya, wai hasken gaba na damun idonsa.

Mossie ya juya tarakta ya kama layi na gaba. Ya san ƙarar injin nan tana ƙetare kwari, tana shiga har ɗakin baya. Ya rage gudu ko za ta yi sauƙi, sai ɗigon farko ya faɗo masa a bayan hannu. Ya ƙara wuta.