Gwaji Ɗaya, Hanji Biyu

Tagwaye ne, kuma kamarsu ta ɓaci, har mutanen layi suka haƙura suna kiransu da sana'a: Kafinta da Direba. Sun haura arba'in lokacin da Kafinta ya fara ganin jini a bayan gida. Ya sha maganin basir har ya gaji, wando ya fara zame masa daga ƙugu. Da aka leƙa hanjinsa aka tarar da ciwon daji. Aka yanke wurin, aka aika da tsokar ɗakin gwaji, daga baya aka ɗebi jininsa.

Ranar karɓar sakamako Direba ne ya kawo shi. Niyyarsa ya jira a mota, amma ɗinkin tiyatar na jan Kafinta, dole ya riƙe shi suka hau bene.

Likitar ta dube su, ta sake dubawa. "Wane ne marar lafiyar?"

"Ramammen," in ji Direba.

Ta juyo musu da fuskar kwamfuta. Ta ce kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da dogon rubutu da ake kira DNA, kuma idan za ta rabu biyu sai ta kwafe shi. Kwafi ba ya rasa kuskure, shi ya sa jiki yake da masu bin baya suna gyarawa. Na'ura ta karanta rubutun tsokar da aka yanke harafi bayan harafi. A wuraren da harafi ɗaya ke maimaita kansa, nan ya ƙaru, can ya ragu, babu wanda ya gyara.

"Shi ya sa muka duba jininka. Ɗaya daga cikin masu gyaran da lahani ka zo da shi duniya. Gado ne. Me ya yi ajalin mahaifinku?"

"Ciwon ciki aka ce," Kafinta ya amsa.

Sai ta juya ga Direba. "Za mu gwada jininka mu tabbatar. Amma idan ƙwai ɗaya ne ya rabu ya zama ku biyu, wannan sakamakon naka ne kai ma. A leƙa hanjinka tun da wuri."

"Likita, ni fa rakiya na yi!"

 Direba ya yarda an yi gwajin jinin, ya kuma fito yadda ta faɗa. Zancen zura masa kyamara ta ƙasa don leƙa hanjin ne ya ce a kai kasuwa. Lafiyarsa ƙalau, yana cin kwano biyu, wa zai kwanta wa?

Matarsa ta yi magana, ƙanwarsu ta yi, kamar suna zuba ruwa a kwando. Wata safiya ya iso tasha, fasinja sun cika mota, sai ya tarar da Kafinta a kujerarsa, ya ɗora sandarsa a kan sitiyari.

"Sauka, ɗan'uwa, lodi ya cika."

"Ba inda zan je. Ni ma kwano biyu nake ci bara."

Fasinja suka fara guna-guni. Wata tsohuwa ta tambayi dalili, Kafinta ya zayyana mata komai da ƙarfi, har da ta inda ake zura kyamarar. Kunya ta sa Direba ya rantse zai je.

Ya wuni yana shan maganin wanke ciki yana zagin ɗan'uwansa daga banɗaki. Washegari aka sa shi barci aka duba. An sami 'yan tsiro biyu, aka tsinke su nan take. Likitar ta ce da alama ɗayan ya fara canza kama, kuma daga yanzu su biyun za a riƙa duba su a kai a kai, 'ya'yansu ma a gwada su idan sun girma.

Ta hana shi tuƙi saboda maganin barcin bai sake shi ba. Tasi suka shiga. Direba ya zauna a baya yana lumshe ido, yana gaya wa mai tasin cewa giyar motarsa ta biyu tana kuka.